Satar waƙa ma sata ce!

Abin takaici, saurayi a Birnin Gwari zai ɗauki waya ya shirya fodkas, ya la'anci ɓarayin dajin da suka kore shanun talakawa, amma ya buɗe shirin da waƙar Mamman Shata ba izini, ba ko sisi ga magadansa. Wai ai kowa na yi! Yawan masu yi ba ya halatta cin haƙƙin wani. Shata ya rasu a 1999. Dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta kare waƙa shekara 70 bayan mutuwar mai ita, wato har 2069. Lallai 'yan'uwa su nemi izini, ko su bar wa magada kayansu.