Ciniki Ta Waya: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Tun daga 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, sha'anin fatauci yake ta sauyawa. Yau da wuya a sami ɗan kasuwa a Mile 12 ta Ikko ko Sabo ta Badun wanda yaransa ba su matsa masa ya koma ciniki ta WhatsApp ba. Waɗansu sun karɓi abin hannu bibbiyu, waɗansu kuwa, musamman dattawa, suna ɗari-ɗari da shi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Ba shakka akwai amfani. A da, mai albasa daga Aliero sai ya bi mota har kudu kafin ya san yadda kasuwa ta tashi. Yanzu kuwa yana zaune a gida zai aika da hoton kaya, a yi ciniki, kuɗi su shiga banki. Dillalin da ya saba ɓoye farashi ya shiga uku, kuma an rage yawo da tsabar kuɗi a hanyar da ɓarayi ke tarewa.

Amma fa tsoron dattawa ba na banza ba ne. Waɗannan kafofi ba mallakar ɗan kasuwa ba ne, aro aka ba shi. Ran 5 ga Yuni 1921 ba a san su ba, amma ran 5 ga Yuni 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022, masu talla a can suka yi ta cizon yatsa. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ran 4 ga Oktoba na shekarar kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na wajen awa 6 a duniya baki ɗaya. Ga kuma macuta masu turo saƙon banki na jabu su kwashe kaya. Wanda duk lissafinsa ke cikin waya, ranar da ta faɗa kwata ina zai kama?

Saboda haka abin da ya kamata shi ne a karɓi sabon abu ba tare da an yar da tsoho ba. A riƙe littafin bashi, a rubuta lambobin abokan ciniki a takarda. Kada kaya su bar rumfa sai an tabbatar kuɗi sun shiga. Babban ciniki kuwa a yi shi gaban shaidu, kamar yadda aka gada. Ya kamata shugabannin kasuwanni su sa samari su koya wa iyayensu aiki da waya, su kuma dattawa su koya musu sanin mutane.

Hukuma ita ma ta riƙa tunawa da masu neman abinci kafin ta rufe wata kafa. Zamani riga ne, dole a sa shi, amma har gobe amana ce jarin ɗan kasuwa. Allah Ya sa a gane.