Kayan aro ba ya rufe katara: kira ga matasanmu masu rubuta manhaja

Yau maganata da matasanmu ce masu rubuta manhajar ordinater da ta salula, da kuma masu ba su aiki: ƙungiyoyin manoma, masu shagunan magani, makarantu masu zaman kansu. Akwai wani zance da ke yawo tsakaninsu wanda ya kamata a taka wa burki. Wai in ka biya abonema a GitHub, shi ke nan aikinka ya shiga rumbun da gara ba ta ci. Wallahi wannan ruɗi ne, kuma mai tsada.

Ga wanda bai sani ba, GitHub wuri ne a intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye rubutun aikinsu, wanda suke kira kod. Kamfanin Microsoft na Amurka ya saye shi a 2018 kan dalar Amurka biliyan 7.5. Yana da tsarin kyauta da na kuɗi. Tun Janairun 2019 ake iya ɓoye aiki a tsarin kyauta ba mai gani, a Afrilun 2020 kuma aka buɗe wa ƙungiya ta yi aiki tare ba ko dala. A lokacin ne aka rage farashin tsarin ƙungiya zuwa dalar Amurka 4 kowane mutum a wata, wajen jika biyu da ƴan kai ke nan. To mi wannan kuɗin ke saya maka? Ƙarin kayan aiki ne, irin su tilasta a duba kod kafin a karɓe shi, da ƙarin lokacin gwaji. Ranar da na'urorinsu suka tsaya, mai biya da marar biya layi ɗaya suke.

Kuma suna tsayawa. A Oktoban 2018 GitHub ya kwashe awa 24 yana tangal-tangal. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab, abokin gogayyarsu, ya goge ma'ajiyar bayanai bisa kuskure, bayanan wajen awa 6 suka salwanta. Google da kansa ya rufe nasa wurin ajiyar, Google Code, a 2016. Ko manyan kamfanonin da GitHub ya yi wa alkawarin aiki kashi 99.9 cikin 100, in alkawarin ya karye rangwamen kuɗi ake ba su. Ba wanda zai biya ka hasarar cinikin da ka yi.

Ga kuma siyasa. A Yulin 2019 GitHub ya taƙaita asusun mutanen Iran, Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Waɗanda abin ya shafa ba laifin komi suka yi ba, ƙasarsu kawai aka duba. Mu a Nijar wa zai ba mu labarin takunkumi? Bayan 26 ga Yulin 2023 mun ga yadda aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke kuran, har Maris na 2024.

Mu ɗauka ma GitHub bai taɓa tsayawa ba. Ta ina za ka kai gare shi? A Fabrairun 2021, bayan zaɓe, an yanke intanet na salula a ƙasar nan wajen kwana goma. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka ji a jikinsu. Wanda ke zaune Kanembakashe, Gazawa ko Korgom ya san ba sai an je teku ba: hadari ya taso, kuran ya ɗauke, rezo ya bi shi. Abonemarka tana can Amurka lafiya lau, kai kana nan kana ɗaga salula sama.

Wani zai ce to kar a biya ke nan? A'a. Kamfanin da ke da ma'aikata da kwangiloli, yana buƙatar kayan aikin, ya biya, haƙƙinsa ne. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya ƙuntata wa kansa, ya roƙi katin banki na wani, don a ce shi ma gwani ne. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ma ya sani GitHub na da shiri na ɗalibai da ke ba da tsarin kuɗin kyauta in aka tabbatar da karatunsa. Ya nema kafin ya taɓa aljihu.

Abin haushin, maganin yana hannunmu. Git ɗin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 an gina shi ne yadda kowane kwafi ke ɗauke da tarihin aikin gaba ɗaya. Ka ajiye kwafi a ordinater ɗinka, wani a kile USB cikin akwati, wani a wuri na biyu kamar GitLab. Kowace Juma'a ka sabunta, ka kuma gwada buɗe kwafin ka ga yana aiki. Iyayenmu ba su taɓa zuba hatsin shekara duka a rumbun maƙwabci suka kwanta barci ba.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi da ƴan kasuwa, ku buɗe ido. In kun biya aka rubuta muku manhajar lissafi, ku tambaya: asusun da sunan wa yake? Wa ke riƙe da lambar sirri? Ina namu kwafin? Ku sa shi cikin takardar yarjejeniya tun ranar farko. In ba haka ba, ranar da yaron ya tafi Yamai ko Kano neman na kansa, ko salularsa ta ɓace da lambar tabbatarwa a ciki, ku da kuɗinku sai kallo.

Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai gani ba. Allah Ya yi wa neman matasanmu albarka, amin.