Ra'ayinmu: Wace Uwar Manhaja Ce Ta Dace Da Masu Kiɗanmu?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Wannan al'amari ya shafi kowane saurayi da ke haɗa kiɗa ko tace hoton bidiyo a ɗakinsa, daga Tudun Wada har zuwa Titin Gidan Zoo, domin da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake saye a Titin Beirut ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Tilas ke nan a zaɓi inda za a dosa.

Hanyoyi uku ne a gabanmu. Windows ita ce aka saba da ita, kuma a kanta FL Studio da Cubase da Adobe Premiere suke aiki. Sai macOS ta kamfanin Apple, mai Logic Pro, wadda ba a raina ingancinta, sai dai farashin na'urarta ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi da na ƙaramin ma'aikaci. Ta uku ita ce Linux, musamman Ubuntu Studio da ta fito a 2007. Kyauta ce, tana farfaɗo da tsohuwar kwamfuta, tana kuma zuwa da Ardour da Audacity na sauti da Kdenlive na bidiyo. Illarta kuwa, ba a yi FL Studio ko Premiere dominta ba, saboda haka musayar aiki da manyan ɗakunan kiɗa kan yi wuya.

To, mu a ganinmu, daidai ruwa daidai tsaki. Wanda abincinsa ya rataya a kan aikin masana'antar fim ya tsaya kan Windows, amma ya sayi manhaja ta halal. Ta sata takan zo da ƙwayar cuta, ta cinye aikin wata guda a dare ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Mai koyo kuwa ya kama Linux, ya san asalin aikin sauti ba tare da ya ci bashi ba.

Akwai abin da ya fi wannan girma. Tun daga Turmin Danya na 1990 masana'antarmu ta bi ta kaset, ta koma faifan CD, yau tana kan intanet, kuma a kowane sauyi sai an yi asarar wani abu. Aikin da aka kulle cikin manhajar kamfani guda yana cikin haɗari ranar da kamfanin ya juya baya. Lalle kowa ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a tsarin WAV, wanda duk manhajojin nan uku suke karantawa.

Bisa ga haka, muna kira ga hukumar jami'a da kada ta zubar da tsofaffin kwamfutocinta. A sa musu Linux, a buɗe wa ɗalibai ɗakin naɗar sauti, a gayyato makaɗan kalangu da kukuma da algaita a naɗi kiɗansu tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.