Ɓarayin daji sun ƙwace mana suna

1/ A Amurka manya na sa kayan kaboyi, su ɗauki bindigogin da, su yi gasar harbin allon ƙarfe. Ƙungiyarsu SASS tun 1987 take. Shigar da ƙarar harbin ke jan su.

2/ Mu 'yan Madachi ai mun san wannan daɗin. Je Rano ranar hawan sallah, 'yan bindigar sarki na sakin adaka, yara na ihu.

3/ Amma yau ka ce "'yan bindiga", gaban kowa faɗuwa yake.

4/ Ni dai ra'ayina, a yi wa masu adaka rajista, a ware fili, masarauta da 'yan sanda su shirya gasa. Mu ƙwato sunanmu.