Filin Gida da Makaranta: Tsohon Wasa a Sabuwar Kwamfuta

Zancenmu na wannan wata a kan tsofaffin wasannin kwamfuta ne, irin waɗanda uba ya yi da ƙuruciya, yanzu yana so ya nuna wa 'ya'yansa, amma ko an danna sau goma ba su tashi. Kada ku yi saurin ɗaukar kwamfutar zuwa wurin mai gyara. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Wasan ne aka ɗinka domin wani zamani, ita kuwa ta wani zamanin ce.

Da farko ku duba shekarun wasan. Irin su Doom na 1993 an yi su domin tsarin DOS ne. Windows mai bit 64 ba ta tafiyar da kayan DOS ko kaɗan, Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, duk mai bit 64 ce. Maganin wannan shi ne DOSBox, wata manhaja ta kyauta da ta fito a 2002. Aikinta shi ne ta kwaikwayi tsohuwar na'ura a cikin sabuwa, sai wasan ya ga kamar yana gida.

In wasan na zamanin Windows 98 ko XP ne, ku danna alamarsa da maɓallin dama na linzami, ku shiga Properties, sa'an nan Compatibility, ku zaɓi tsohuwar Windows ɗin da ya sani. In kuwa ya ce ya rasa wani fayil mai suna da ya fara da d3dx9, tsohon DirectX yake nema. Ku ɗauko kunshin watan Yuni na 2010 daga shafin Microsoft kansa, ba daga wani wuri ba.

Akwai kuma wasannin faifai masu kulle irin na SafeDisc. Windows 10, tun fitowarta a 2015, ba ta yarda da wannan kulle ba, domin yana buɗe ƙofar ɓarna. Faifan lafiya lau, amma wasan ba zai motsa ba.

To, iyaye, a nan ne haɗarin yake. Yaro in ya gaji, sai ya shiga intanet neman fasasshen wasa. Irin waɗannan fayiloli sukan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, wadda za ta iya kulle hotunan iyali da takardun aiki, ko ta sace lambobin sirri na banki. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Gara a duba kanti irin GOG, wanda tun 2008 yake sayar da tsofaffin wasanni da aka gyara domin sababbin na'urori, ba kuma da kulle.

Ku zauna tare da yaran ku bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Ko wasan bai tashi a ranar ba, sun koyi neman dalilin abu kafin neman magani.

Sai wata mai zuwa.