GYARAN GIDA: Ƙofar Da Ta Ƙi Rufuwa

A wannan wata za mu yi magana a kan ƙofar kabad na littattafai. Kada wani ya ce wannan bai isa magana ba. Mu ma haka muka zata, sai da muka yi hasara.

Ga yadda abin ya faru. Shekara biyu da suka wuce muka sayi kabad a wani kanti a Sakkwato, irin wanda ake sayarwa a kwance cikin kwali, mutum ya harhaɗa da kansa. Muka ɗora shi a mota muka kawo gida Dingyaɗi. Da yamma muka haɗa shi, yara suna ta murna suna miƙo mana sukuru. Bayan 'yan watanni ƙofar hagu ta fara sunkuyawa. Tana gugar ta dama, in an rufe ta kuma sai ta koma ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu. Uwargida ta yi ta tuna mana, mu kuwa kullum sai mu ce gobe. Hunturu ya zo, ƙura ta shiga ta kwanta bisa littattafai. Daga baya ɓera ya sami hanya. Ya ci gefen tsohon Littafi Mai Tsarki da muka gāda daga wurin mahaifinmu, ya kuma ɓata takardar shaidar gama firamare ta babbar 'yarmu. Gyaran da muka yi ta ɗagawa kuwa, da muka zauna masa bai ci mana sa'a guda ba.

Irin wannan kaya ba daɗaɗɗe ba ne. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, shi ya yaɗa shi a duniya. A 1956 suka fara sayar da teburi da ƙafafunsa a kwance, domin ya yi sauƙin ɗauka. A 1979 suka fito da kantar littattafai mai suna Billy. Yanzu masu yin irinsa sun yi yawa, har a kasuwanninmu. Amma ku sani, yawancinsa ba icce ba ne sosai. Garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, sa'an nan aka lulluɓe da leda mai kamar icce. Shi ya sa ba ya son ruwa, ba ya kuma jimre a yi ta ɗaure sukuru ana kwancewa a rami ɗaya.

Sa'ad da ƙofa ta karkace, kowa sai ya ɗora wa hinji laifi. Sau da yawa hinjin ba shi da laifi. Ku bi waɗannan matakai bi da bi, kada ku tsallake.

1. Ku duba ƙasa tukuna. Daɓen ɗakunanmu, ko na siminti ne, da wuya ya zama daidai ko'ina. Idan kusurwa ɗaya ta kabad tana lilo, jikinsa duka zai murɗe, ƙofa kuwa ba za ta zauna ba. Ku zuba ruwa a faranti mai faɗi ku ajiye a bisansa. Inda ruwan ya taru, can ne ya yi ƙasa. Sai ku cusa ɗan siririn katako a ƙarƙashin wannan gefe. Kada ku sa kwali, gama zai lotse.

2. Ku auna shi da igiya. Ku ja igiya daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ku sa alama. Ku sāke ja daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. In tsawon bai zama ɗaya ba, kabad ya karkace. Abin da yake riƙe shi a miƙe shi ne wannan siririn allo na baya, wanda mutane da yawa suke rena shi, su buga masa ƙusa huɗu kawai. Mu ma abin da muka yi ke nan. Ku kwashe littattafan, ku kifar da kabad a kan tabarma, ku tura shi har igiya ta yi daidai, sa'an nan ku buga ƙananan ƙusoshi kewaye da allon, taƙi ɗaya tsakanin kowace ƙusa da 'yar'uwarta.

3. Ku gyara ramin sukurun da ya buɗe. Idan sukuru yana ta juyawa ba ya kamawa, garin katakon ya marmashe. Ku cire shi. Ku fille kan tsinken ashana uku ko huɗu, ku tsoma su cikin farin gam na kafinta, ku cika ramin da su. Ku bar shi ya kwana. Da safe ku yanke abin da ya fito, ku mai da sukuru. Kada ku nemi sukuru mai tsawo, gama zai huda ya ɓullo ta waje.

4. Yanzu sai hinji. Irin wannan kabad yakan zo da hinjin ɓoye, wanda ba a ganinsa in ƙofa tana rufe. Yana da ƙoƙo da yake zaune cikin rami a jikin ƙofa, faɗin ramin yawanci milimita 35. Yana kuma da hannu wanda ya kama ɗan farantin ƙarfe a jikin kabad. Sukurun da yake kusa da bakin ƙofa shi yake matsar da ita dama ko hagu. Na can ciki shi yake turo ta waje ko ya jawo ta ciki. Biyun da suke riƙe da farantin, sama da ƙasa, in kun sassauta su za ku iya ɗaga ƙofar ko ku sauke ta. A nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bari wani ya riƙe ƙofar, ɗaya yana juya sukundireba. Ku juya rabi kaɗai, ku rufe ku duba, sa'an nan ku ƙara. Tsakanin ƙofofin biyu ku bar wuri kamar kaurin tsinken ashana, daga sama har ƙasa.

5. Idan hinji yana ƙara, ku ɗiga masa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ku goge saura, domin mai da yawa yana tara ƙura. Idan kuwa ƙofa ba ta tsayawa a rufe, ku sayi ɗan maƙalli mai mayen ƙarfe a wurin masu kayan gini, ku ɗaura a ciki ta sama.

Wanda kafinta ya yi masa nasa kabad da icce sosai, ga tasa shawara dabam. Icce yakan sha laima ya kumbura da damina, musamman a watan Agusta, sa'an nan ya tsuke da hunturu. Idan ƙofarku ta cije da damina, kada ku yi garajen kai ta a fere. Abin da kuka fere a Agusta, shi zai zama kafar ƙura a Janairu. Ku goga kyandir a inda take cijewa, ku jira iska ta juya. Garin katako kuwa in ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa. Saboda haka ku ɗora kabad a kan tubalan siminti marasa tsayi, kada ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa. Ku riƙa leƙa bayansa kowane wata saboda gara.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi muhimmanci duka. Ƙofa in ta buɗe, nauyinta yana jan kabad gaba. Ƙaramin yaro kuma yakan kama ta ya yi lilo, ko ya taka kanta ya hau. A 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad-kabad na tufafi wajen miliyan 29 a Amurka, bayan waɗansu sun faɗo a kan yara ƙanana sun kashe su. Don haka ku sa manyan littattafai a ƙasa, marasa nauyi a sama. Ku kuma ɗaure kan kabad da bango da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe. In bangon na ƙasa ne, sukuru ba zai kama ba. Sai ku haƙa ku binne guntun icce mai ƙarfi a ciki, ku yaɓe, in ya bushe ku ɗaure a jikinsa. Rigakafi ya fi magani.

Namu kabad yanzu yana rufuwa lif. Yaronmu mai shekara 12 shi ya juya sukurun ƙarshe, tun daga ranar kuma ya zama mai duba ƙofofin gida. Tsohon littafin mahaifinmu mun naɗe shi da ƙyalle mun mai da shi wurinsa, da gefensa a cinye. Duk wanda ya ɗauko shi a gidanmu yakan tuna da goben da muka yi ta faɗa.

A wata mai zuwa za mu yi magana a kan gyaran ragar taga kafin sauron damina. Sai mun sadu, in Ubangiji ya yarda.