Ɗigon Haske Mai Zana Doki a Bango

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen jarrabawa, mu duba wani baƙo da ya shigo mana wuraren biki babu sallama. Ina nufin ɗan akwatin nan da masu kayan sauti ke ratayawa, wanda ke feso haske kore da ja, yana zana tauraro ko doki ko sunan amarya a bango. Leza ake kiransa.

To, mai karatu, akwatin nan ɗigo ɗaya tak yake fitarwa. Duk wanda ya taɓa kaɗa bakin wuta da dare yana yaro ya ga da'irar wuta a iska, alhali garwashin ɗaya ne. Ido yakan riƙe abin da ya gani na ɗan lokaci, saboda haka in ɗigon ya zagaye siffar doki da sauri, ya maimaita, sai mu ga doki tsaye.

Masu gudu da ɗigon wasu 'yan madubai ne guda biyu, kowanne bai fi farce ba. Ɗaya na kaɗawa dama da hagu, ɗaya sama da ƙasa, kowanne a kan wani ɗan inji da ake kira galbo. Ana auna saurinsu da yawan wuraren da suke taɓawa a daƙiƙa, 20,000 ko 30,000. Ga ɗan lissafi na 'yan aji shida: in madubi na taɓa wuri 30,000, hoton kuma yana da ɗigo 1,000, za a zana shi sau 30 a daƙiƙa, ya fito sumul. In mai zane ya yi haɗama ya kai ɗigo 3,000, sai ya koma sau 10, hoton ya riƙa ƙyaftawa. Kuma madubi yana da nauyi, ba ya shan kwana farat ɗaya. Dole manhajar kwamfuta ta maimaita ɗigo a kowace kusurwa don ya ɗan dakata, ta kuma kashe hasken yayin da yake tsallakawa daga harafi zuwa harafi.

Kwamfuta da lamba take magana, madubi kuwa ƙarfin lantarki yake ji, don haka akwai ɗan akwatin tafinta a tsakaninsu. Ƙungiyar masu wannan sana'a, ILDA, wadda aka kafa a 1986, ta tsara soket mai haƙora 25 da yawancin injunan ke amfani da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar masu sha'awa marasa kuɗi. Sun lura cewa katin sauti na kwamfuta shi ma tafinta ne, sau 48,000 yake magana a daƙiƙa. Sai suka ɗauki mai layi shida, suka ba madubai biyu, launuka uku, suka kauce wa kondensar da ke hana lantarki tsayawa wuri ɗaya. Manhajar LaserBoy kyauta take yin wannan aiki. Yau akwai ƙananan na'urori irin su Helios da Ether Dream, mai hali kuma ya sayi QuickShow na kamfanin Pangolin.

A 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Amurka. Lokacin da aka fara wasan Laserium a Los Angeles a 1973, manyan bututun gas ake amfani da su, sai da ruwa ake sanyaya su. Yanzu ƙwayar ba ta kai gyaɗa ba. Araharta ita ce ta kawo ta zango, kuma nan ne damuwata.

Leza ta nuni a aji ba ta wuce miliwat 5, ƙyaftawar ido cikin rubu'in daƙiƙa takan kare mutum daga gare ta. Akwatin biki kan kai miliwat 500, wani ma dubbai. Ido yana tattara hasken kamar yadda gilashi ke tattara rana ya ƙona takarda, kuma bangon bayan ido ba ya jin zafi, sai dai yaro ya wayi gari da tabo a ganinsa. Muddin madubi na gudu, hasken na rarrabuwa. In ya cije, duka ƙarfin wuri ɗaya zai faɗa. Inji mai kyau yakan kashe kansa nan take, na araha da yawa ba su da wannan. A Amurka ƙa'ida ita ce hasken ya wuce mita 3 sama da inda jama'a ke tsaye, kuma tun 2012 haska jirgin sama babban laifi ne a can. 'Yan Nima da Mamobi, ku tuna filin jirgi maƙwabcinku ne. Uwar biki tana da ikon ta ce a ɗaga akwatin, a fuskantar da shi bango.

Samarinmu masu gyaran waya da rediyo kuwa, in kuna son koyo, ku fara da 'yar leza ta nuni da tsofaffin lasifika biyu. Ku manna guntun madubi daga gefen kowace zuwa tsakiyarta, haske ya bugi na farko, ya faɗa na biyu, ya sauka a bango. Ku ba kowace lasifika murya ɗaya tsayayya: in muryoyin sun yi daidai za ku ga layi ko da'ira, in ɗaya ta ninka ɗaya za ta iya ba ku siffar lamba 8.